Neman bindigar wasan saiti a Kano: ƙofofin da na ƙwanƙwasa da abin da na tarar

Duk wanda ya ji ina zuwa wasan harbin saiti, tambayarsa ta farko ita ce wace bindiga na saya, kuma nawa aka bar mini ita. Amsar takan ba su mamaki, domin har yau ban mallaki ko ɗaya ba, alhali kuwa kusan kowace Asabar ina harbi. Ganin tambayar ta yi yawa, kuma na fara jin wasu samari suna maganar tura kuɗi ga mutanen da ba su taɓa gani ba, ya sa na ga ya dace in zayyana yadda tafiyar ta kasance tun daga tushe, ko wani ya huta da zirga-zirgar da na sha.

Aikina sassaƙar ƙarfe ne da inji a wata masana'anta da ke Sharaɗa, rayuwata duk a kan milimita take. Lokacin gasar Olamfik ta Faris a 2024, kamar kowa na ga hoton Baturken nan Yusuf Dikec, wanda ya tsaya hannu a aljihu ya ci azurfa a harbin ƙaramar bindigar iska. Mutane dariya suka yi suka wuce, ni kuwa na bi sawun wasan har na faɗa kan harbin doguwar bindiga daga nisan mita 10. Da na ji cewa ɗigon da ke tsakiyar takardar, wanda shi ne maki 10, faɗinsa rabin milimita ne kacal, wato bai kai ƙwayar gero ba, sai abin ya kama ni. Mutum yana tsaye da ƙafafunsa, ba jingina, ya yi harbi 60 cikin minti 75, kuma gwanayen duniya kusan ba sa kuskure ɗigon. Na ce lallai sai na ɗanɗana.

Da farko hankalina kan bindigar .22 ya tafi (lambar kaurin harsashinta ce a ma'aunin inci), mai harsashin gaske, wadda ake gasar mita 50 da ita. Harsashi ne tsoho, tun 1887 kamfanin Stevens na Amurka ya fito da shi, kaurinsa milimita 5.6, darmarsa ba ta wuce giram 2.6 ba, ba ya dukan kafaɗa, ƙararsa kuma ba ta kai ta manyan bindigogi ba. Dare bayan dare ina karatu a waya har uwargida ta fara tambaya ko lafiya. A ƙarshe na tace sunaye suka rage kaɗan. Akwai CZ 457 ta ƙasar Cek, wadda ta gaji samfurin 455, mai sakata ce da ake ja da hannu bayan kowane harbi, ana iya sassauta kunamarta, ana iya sauya mata bututu. Akwai Tikka T1x ta Finlan, wadda masu ita ke yabon santsin sakatarta. Akwai Savage Mark II, wadda ta fi su sauƙin kuɗi. Ruger 10/22 kuwa, duk da farin jininta tun 1964, na ajiye ta gefe, saboda mai ɗura kanta ce, kuma a dokar gasa harsashi ɗaya-ɗaya ake sawa. Farashin CZ a can waje yana kaiwa dala 500 zuwa 700 gwargwadon samfuri. Na kira wani abokina ɗan canji a Wapa, a lokacin dala ta haura naira 1,500, na buga lissafi na ga kafin a yi maganar dako da kwastan da madubin saiti an doshi miliyan. Da nauyi, amma na ce a hankali zan tara.

Wani abokina lauya ne ya fara taka mini burki. Na je ofishinsa kan maganar takardun wani fili, na ɗan gutsura masa zancen. Ya ajiye biro ya ce, "Injiniya, ka zaɓi amarya, ka tambayi waliyyinta kuwa?" Ya jawo Dokar Makamai, wadda asalinta ta 1959 ce, kuma har yanzu ita ke aiki a kundin dokokin tarayya na 2004, ya buɗe jadawalin da ke ƙarshenta. Doka ta kasa bindigogi gida uku. Kashi na farko su ne haramtattu, irin su bindigogin soja masu kaurin milimita 7.62 da 9, da masu sarrafa kansu, da fistol kowace iri in ba ta iska ba. Waɗannan sai da izinin Shugaban Ƙasa. Kashi na biyu su ne na mallakar mutum: bindigar harbin tsuntsu wadda ba ta ɗura kanta, da dogayen bindigogin wasa da farauta waɗanda kaurinsu bai shiga na soja ba, da kuma bindigogin iska, lasisinsu a hannun Sufeto Janar na 'Yan Sanda yake. Kashi na uku su ne na gargajiya da ake ɗurawa ta baki, irin adakar maharbanmu, waɗanda Kwamishinan 'Yan Sanda na jiha ke da hurumi a kansu. Na ce masa, "Barista, tsaya, har bindigar iska?" Ya juyo da littafin ya nuna mini da yatsa. Tana nan a rubuce, layi ɗaya da sauran. Wannan shi ne abin da yawancin mutane ba su sani ba, suna ɗaukarta abin wasan yara ne da za a iya sakawa a jaka daga Dubai.

Ya ci gaba da karanto mini waɗanda doka ta hana a ba lasisi: wanda bai kai shekara 17 ba, da mai taɓin hankali, da wanda ganinsa ke da rauni har bai dace ya riƙe bindiga ba, da mashayi, da wanda kotu ta kama da laifin tashin hankali ko barazana cikin shekara 5 da suka wuce. Ko ka tsallake duk waɗannan, ba dole ba ne a ba ka, domin lasisi ba haƙƙi ba ne, ganin dama ne na hukuma. Harsashi ma yana ƙarƙashin lasisi. Saye kuma sai a hannun dillalin da ke da rajista. Wanda aka kama da ta kashi na biyu ba takarda zai iya shan ɗaurin da ya kai shekara 5, ta kashi na farko kuwa mafi ƙaranci shekara 10. Sanin sana'ata ya sa ya ƙara da gargaɗi na musamman, ya ce ko gyaran bindiga sai da izini, kada wani ya kawo mini ƙarfe ya ce in ɗan sassaƙa masa wani abu in ɗauka taimako ne. Daga ƙarshe ya ce ya ji an dakatar da ba da sabon lasisi, amma in je in ji daga bakin masu abin, kuma in tafi da takarduna a haɗe don kada a ɗauke ni ɗan tayi-daɗi.

Takardun da ya ba ni shawarar in tanada ba su da wuya, lokaci kawai suke ci. Hoton fasfo na ɗauka a unguwa kan naira 2,000. Na buga takardar lambar zama ɗan ƙasa. Na je kotu na yi takardar rantsuwa kan shekaruna da cewa ba a taɓa ɗaure ni ba, ita ma 'yan dubbai kaɗan ta ci, kuma kafin azahar na fito. Wurin aiki suka ba ni wasiƙar shaida. Mai unguwarmu na same shi bayan la'asar a zaurensa, na durƙusa na gaishe shi na faɗi buƙatata. Ya daɗe yana kallona kafin ya ce, "Bindiga kuma, ɗan nan? Wani ne ya tsone maka ido?" Na ce, "Ranka ya daɗe, wasa ne irin na guje-guje da tsalle-tsalle, takarda ake harbi." Sai da na nuna masa bidiyo a waya sannan ya saki fuska, ya rubuta cewa ya san ni ya san mahaifina. Ban ga laifinsa ba. Garin da ya ga abin da ya gani a hare-haren ranar 20 ga Janairun 2012, ba a ambaton bindiga a cikinsa a yi tsammanin murmushi.

Gwajin ido ne ya fi cin rai, kuma shi ne ya fi amfanata. Na yi sammako zuwa wani asibitin ido, na tarar layin ya riga ni tashi, yawanci tsofaffi masu yanar ido da jikokin da suka rako su. Na yanki kati, aka auna, aka ɗiga mini magani aka ce in jira ya ratsa. Sai bayan azahar na ga likita. Ta ce ganina na nesa lafiya lau, amma idon dama yana da ɗan karkacewar da ke sa ɗigo ya yi kamar ya miƙe. Da na gaya mata dalilin zuwana sai ta sa na haɗa tafukana na bar 'yar kafa a tsakiya, na kalli agogon bango ta ciki, na rufe ido ɗaya bayan ɗaya. Ta ce idona na dama ne shugaba, kuma tun da ni na-dama ne, na yi sa'a, domin wanda hannunsa dama idonsa hagu yakan sha fama wajen saiti. Kati da gwaji da tabarau sun tasar wa naira 30,000. Na fito ina lumshe ido saboda maganin, ko tuƙi ban iya ba, na bar babur a wurin mai gadi na hau adaidaita.

Daga nan sai caji ofis na yankinmu. Difi'o ya karɓe ni da mutunci, ya duba takardun, ya ce wannan ba a teburinsa take ba, in nufi hedikwatar rundunar jiha a Bompai. Ranar da na je na bar waya da jaka inda aka ce a bari, aka rubuta sunana a ƙofa, aka nuna mini ofishin da ke kula da harkar makamai. Gabana yana ɗan faɗuwa, ba don na yi laifi ba, sai don ban san yadda za a fassara buƙatar ba. Jami'in da na samu dattijo ne mai sanyin magana. Ya karanta wasiƙata har ƙarshe, abin da ban zata ba, sannan ya ce, "Malam, takardunka sun yi kyau, amma ba zan ɓoye maka ba, a yanzu ba a ba da sabon lasisi. Umarni ne daga sama." Ya tuna mini cewa a watan Agustan 2023 Sufeto Janar na lokacin, Kayode Egbetokun, ya faɗa a bainar jama'a cewa an dakatar da bayarwa saboda yawan makaman da ke yawo a ƙasa. Ya ce ko a 2022, lokacin da Gwamna Bello Matawalle ya ce mutanen Zamfara su nemi bindiga su kare kansu, amsar da hukumomin tsaro suka bayar ke nan, cewa takunkumin yana nan. Na ce, "Yallaɓai, ko ta iska?" Ya ce doka ba ta raba su ba, shi ma ba zai raba ba. Na tambayi batun shigowa da ita daga waje, ya ce wannan ya fi nisa: sai da lasisin shigo da kaya, sai da takardar shaidar mai amfani daga ofishin Mai Ba Shugaban Ƙasa Shawara kan Tsaro, kuma idan ta iso ma'ajiyar makamai ta gwamnati za ta fara sauka, ba gidanka ba.

Na yi shiru, jikina ya yi sanyi. Ganin haka ya tambaye ni ko farauta nake so ko tsaron gida. Na ce ko ɗaya, takarda nake so in huda daga mita 10. Ya yi dariya ya ce to ai ban buƙaci mallaka ba, wurin yi nake buƙata. Ya ce akwai Hukumar Wasan Harbi ta Nijeriya da ke shirya gasa, kuma 'yan sanda da sojoji suna da 'yan wasansu da bindigogin da ke kan rajistar hukumominsu. Ya kwatanta mini wani tsohon jami'i mai ritaya da ke horar da matasa, ya ce in je in ce shi ya turo ni.

Abin da ya faru a bakin titi bayan na fito ya kamata kowa ya sani. Ina ƙoƙarin tayar da babur wani mutum cikin shadda mai kyau ya matso, ya yi sallama kamar ya san ni, ya ce ya ji abin da ya kawo ni, kuma shi yana da hanya a Abuja, lasisi da bindiga duka cikin mako biyu, in kawo rabin kuɗi kawai. Na ce na gode, na ja babur. Da na ba Barista labari ya ce takardar bogi ta fi rashin takarda muni, domin laifi biyu ke nan. Haka ma masu tallar bindigar iska a Facebook da ke cewa ba ta buƙatar izini. Ko dai kuɗinka su tafi, ko kayan su iso su zame maka jidali a shingen farko.

Tsohon da aka tura ni gare shi kowa Baba Koci yake ce masa. Bai yi mini maganar harbi ba a haɗuwar farko, tambayoyi ya yi ta jero mini: aikina, iyalina, ko ina shan wani abu, ko ina da saurin fushi. Ya ba ni fom, ya ce in kawo mutum biyu da za su tsaya mini, ɗaya ya kasance ma'aikacin gwamnati. Takardun da na tara don lasisi a nan suka yi rana, har da ta asibitin ido. Aka ɗauki makonni ana bincike kafin a kira ni. Filin yana cikin harabar wata cibiyar jami'an tsaro, bindigogin na cibiyar ne, a ma'ajiyarta suke kwana, ana sa hannu a fito da su, ana sa hannu a mayar, ana ƙirga abin da aka harba. Ranar farko ko taɓa kunama ban yi ba. Dokoki ya sa na haddace: kowace bindiga a ɗauke ta a matsayin mai ɗure, bakinta kullum yana kallon allo, yatsa ba ya shiga gidan kunama sai an shirya, kuma in an ce a tsaya, a buɗe ta a zura zaren shaida a bututu a ajiye.

A nan ne ainihin zaɓen bindiga ya fara, domin ya sa na riƙe iri uku na bindigar iska, dukkansu masu kaurin milimita 4.5, wato .177. Ta farko mai sifirin ce da ake karya bututunta a ɗana, irin wadda ta fi arha a ko'ina. Da na harba sai na ji ta yi tsalle gaba da baya a hannuna. Baba Koci ya ce sifirin da fistin ɗin ciki suna motsi tun darma ba ta bar bututu ba, shi ya sa in ka sauya riƙo ko kaɗan, wurin faɗuwar ma ya sauya. Ya ce tana koyar da haƙuri, amma ba a cin gasa da ita. Ta biyu tsohuwar Feinwerkbau 300S ce ta Jamus, wadda ta girmi yawancin yaran da ke filin. Ita ma sifirin ne, amma an ɗora ƙarfenta a kan ɗan layin dogo yadda zai zame baya ya shanye girgizar, mai harbi ba ya jin komai. A shekarun 1970 da 1980 ita ce sarauniyar gasa. Ta uku mai tulun iska ce, Hämmerli AR20, wadda ake cika tulunta da famfo na musamman ko babban tulu, matsin ya kai 200 ko fiye a ma'aunin matsin iska da ake kira bar. Ba ɗanawa mai wahala, ba motsi, ka taɓa kunama kawai ka ji "tas".

Ya ɗora kowacce a kan buhun yashi don a cire rawar hannuna daga lissafi, muka yi harbi goma-goma. Washegari na zo da ma'aunin da muke auna kaurin ƙarfe a wurin aiki, na auna ramukan. Mai karyawa ta watsa su kusan faɗin ɗan yatsa. Tsohuwar Bajamushiya da mai tulu kuwa kowacce rami ɗaya ta yi mai ɗan faɗi, bambancinsu bai taka kara ya karya ba. Na tsaya ina jujjuya takardun. Bindigar da ta shekara arba'in tana yin abin da sabuwa ke yi. Sannan ya ce in tashi tsaye in harba da hannuna, sai ga ramuka sun bazu har wajen baƙin da'irar, wadda faɗinta milimita 30.5 ne. Ya ce, "Ɗana, ka ga inda matsalar take. Kowace a cikin biyun nan ta fi ka iya harbi, kuma za ta fi ka har shekara biyar masu zuwa." Manyan da ake gani a Olamfik, irin su Feinwerkbau 900 da Walther LG400 da na Anschütz da Steyr, kuɗinsu ya kai Yuro dubu biyu zuwa sama da uku, amma abin da ake saye da ƙarin kuɗin yawanci ƙota ce mai lanƙwasuwa ta kowace fuska, ba wai bututun ya ninka kyau ba.

Abubuwa uku ya nuna mini da suka fi sunan kamfani tasiri, kuma a kansu muka fi daɗewa. Kunama ita ce gaba. Ta gasa hawa biyu gare ta: ka ja a hankali har ka ji ta tsaya, daga nan ɗan matsi kaɗan ya saki harbi. A doguwar bindigar iska dokar gasa ba ta ƙayyade nauyin kunama ba, gwanaye kan sassauta ta ƙasa da giram 100, amma ni ya ƙara mata nauyi har sai yatsana ya waye. Kunama mai tauri ko mai jan ƙafa takan janye bakin bindiga daidai lokacin da bai kamata ba, kuma wannan ne babban aibin masu arha. Sai dacewa da jiki: tsawon ƙota, da tudun da kunci ke kwanciya, da nauyi. Dokar gasa ta yarda har kilo 5.5, amma wanda bai saba ba in ya ɗauki mai nauyin nan, kafin harbi 20 bayansa ya fara ciwo. AR20 ba ta kai haka ba, shi ya sa ta fi yi mini daɗi. Na ukun shi ne abin saiti. A gasar mita 10 ba a yarda da madubi mai kusanto da abu ba, 'yar kafa ce a baya da zobe a gaba, ka sa baƙin da'irar a tsakiyar zoben. Kuɗin madubin da na sa a lissafina na farko ashe ba ma za a kashe su ba.

Darma kuma ita ce abin da ban taɓa kawowa a raina ba. 'Yan ƙwayoyi ne masu shafaffen kai don su yanka takarda da tsabta, nauyin kowacce kusan rabin giram, gwangwani ɗaya yana da 500. Kamfanonin da aka sani su ne RWS da H&N na Jamus da JSB na Cek. A bayan gwangwani akan rubuta 4.49 ko 4.50, bambancin kashi ɗaya cikin ɗari na milimita, kuma wani bututun ya fi son wannan, wani wancan. A matsayina na mai aikin inji na san irin wannan tazarar tana da ma'ana, amma sai da na gani a takarda na yarda. Ya ba ni wata darma marar suna da wani ya taɓa kawowa, muka zube ta a tafi, wasu gindinsu a lotse, wasu da ɓurɓushi. A bindiga ɗaya, kan buhu ɗaya, ramin ya ninka faɗi. Araha ba ta ado. Kuma duk wanda ya taɓa darma ya wanke hannu da sabulu kafin ya kai goro baki, domin gubarta a hankali take taruwa a jiki.

Sai da hunturu ya shigo na samu damar harba .22 ɗin da na daɗe ina mafarki, a filin mita 50, ina kwance, ƙarƙashin idon jami'in filin. Tana da daɗi, ba zan ƙi faɗa ba. Zoben maki 10 a can faɗinsa milimita 10.4 ne, kuma iskar safiyar nan mai ƙura tana tura harsashi gefe yadda sai ka riƙa kallon tutocin da aka kafa kafin ka saki. Harsashin gasa da gangan ake rage masa gudu ya tsaya ƙasa da gudun sauti, wajen mita 320 zuwa 330 a daƙiƙa, domin mai tsananin gudu yakan yi tangaɗi idan ya zo sauka daga wannan iyakar. Amma a nan lissafin ya fito fili. Kwalin harsashi 50 na gasa, irin Eley Tenex na Ingila ko Lapua na Finlan, ya fi gwangwanin darma 500 tsada, ga shi samunsa a ƙasar nan sai ta hannun hukuma. Ga kuma haɗari: harsashin .22 yana iya tafiya fiye da kilomita ɗaya da rabi, saboda haka sai fili mai tudun ƙasa a baya. Bindigar iska ta gasa kuwa darmarta na fita da gudun kusan mita 170 a daƙiƙa, ɗaki mai tsawon mita 12 da akwatin ƙarfe a bayan takarda sun ishe ta. Wanda ke son ya yi harbi ɗari a mako ba tare da ya taɓa kuɗin cefane ba, ya san inda zai dosa.

Yanayin Kano ma yana da ta cewa. Zafin Afrilu yana ƙara matsin iskar da ke cikin tulu, don haka ba a barin sa a mota ko a rana. Tulun kansa yana da wa'adi, shekara 10 daga ranar da aka buga a jikinsa, bayan haka ba a yarda da shi a gasa. Ƙurar hunturu da bushewar iska suna cin zobban roba da ke toshe iska, kuma in ɗaya ya tsage, abin da bai fi kuɗin shayi ba a Jamus zai iya ajiye bindiga wata da watanni ana jiran mai zuwa. Tsohuwar 300S ba ruwanta da famfo ko tulu, hannunka ne injinta. Wannan ya sa Baba Koci ke cewa da za a ba shi kuɗin sabuwa ɗaya, tsofaffi uku zai saya wa yaransa.

Wanda zai bi wannan hanya, shawarata ya juya tsarin da yawancinmu ke bi. Ya fara da tambayar hukuma halin da lasisi ke ciki a ranar, domin umarni yana sauyawa, kuma abin da aka gaya mini bara ba lallai ne shi za a gaya masa ba. Ya yi gwajin ido da wuri ko da ba a nema ba. Ya nemi koci kafin ya nemi dillali, ya riƙe bindigogi daban-daban a kafaɗarsa, domin hoto a waya ba ya gaya maka ko kuncinka zai zauna daidai. In ya zo lissafi, ya haɗa kuɗin darma na shekara da famfo da kayan gyara, kada ya tsaya kan farashin bindiga kaɗai. Kuma ya tambayi wanda ke da izinin gyara ta idan ta lalace, tun kafin ta lalace.

Ni dai zaɓina yana rubuce a cikin fayil ɗin da takarduna suke. Idan aka buɗe ba da lasisi, bindigar iska mai tulu ta masu farawa zan nema, ajin AR20, ko tsohuwar Feinwerkbau mai lafiya in dillali mai rajista yana da ita. CZ 457 ta koma layi na biyu, sai ranar da na ga hanyar samun harsashi ta halal wadda za ta ɗore. Kafin nan ina ba da gudummawar wata-wata ta sayen darma da takardun saiti tare da sauran 'yan filin, a gida kuma ina atisayen tsayuwa da riƙo da wani katako da na sassaƙa na ɗaura masa ƙarfe ya kai kilo 4, ina kallon ɗigon da na manna a bango. Takardar asibitin ido tana tsufa, Baba Koci ya ce in sabunta ta bayan Sallah, kuma ya sa sunana cikin waɗanda za a gwada a harbi 60 cikakke a wata mai kamawa.